Jakar Maganin da Na Ɗaure Masa

Masu karatu, yau babu doguwar gaisuwa. A kujerar baya ta motar Baba nake rubuta muku wannan, wayar tana tsalle a hannuna, don haka duk wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Wanda bai san ni ba, ni ce wadda ke tsayawa bayan kanta a kantin magani na bakin titinmu, da farar rigar da ta yi min yawa a kafaɗa. Ba likita ba ce ni, ba nas ba. Ina miƙa magani, ina duba ranar lalacewarsa, ina goge kanta. Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana Likita, shi ne wanda yake nemana da aure. Malamin makaranta ne, labarin ƙasa yake koyarwa. Ni Malam nake ce masa. A gidanmu kuwa Ɗan Daji suke kiransa, domin duk hutun makaranta sai ya ɗauki jaka a baya, shi da abokansa, su shiga tsaunuka da ƙafa, inda babu titi, babu asibiti, babu sabis ɗin waya.

Wasu cikinku sun rubuto min cewa in rabu da shi in huta. Na gani. Ba ku san mutum ba, ba ku taɓa jin muryarsa ba, amma kun yanke masa hukunci daga kan gadonku. Ba zan zage ku ba, don abin da ni ma na yi ke nan, kuma za ku ji inda ya kai ni.

Tafiyar wannan karon ta fi kowacce tsawo. Kusan wata guda za su yi, su haye wani kogi, su bi ta bayan duwatsu har inda ruwan ya faro. Baba ya riga ya ce maganar zuwan iyayensa sai ya dawo. Umma ba ta ce komai ba a gaban Baba, amma da ya fita ta ce min, "Namijin da zai bar katifarsa ya je ya kwanta a kan dutse ba aike ba, ba aikin gwamnati ba, akwai abin da yake gudu." Yaya kuma, babban wana, yana da abokinsa mai shagon taya da ya daɗe yana yi wa kamfe a gidanmu. Kullum sai na ji yadda mai taya yake kwana a gidansa kamar kowane mutumin kirki.

Ana jibi za su tashi, Malam ya zo da yamma da wata jar jaka mai zif uku, da ƙaramin sikeli a hammatarsa. A dakalin ƙofar gida muka zauna.

"Likita, ga asibitinmu. Ke za ki cika mana shi."

"Sikelin fa? Nama za ka sayar a can?"

"Duk abin da zai hau bayana sai na auna shi."

Ya ciro buroshin haƙoransa ya nuna min. Ya yanke masa mariƙi, saura ɗan guntu kamar yatsa. Ya ce haka suke yi dukkansu: suna yanke igiyar da ta yi tsawo, suna cire takardar jikin gwangwani, magani ma ɓare shi suke daga kwali da ledarsa su zuba a abu ɗaya.

Nan na tsayar da shi. "Wannan kam ban yarda ba. A kantinmu ƙwayar da ta rabu da kwalinta shara ce. In ɗayanku yana amai, ido ya rufe, ta yaya zai bambance na zawo da na ciwon kai? Duk farare ne."

"Shi ya sa na kawo wa masu ilimi."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya shiga murza zif ɗin jakar, yana kallon takalminsa.

"Ki duba ko'ina a ciki. Akwai tarkacen tafiyar bara. Ko'ina fa, har ƙananan aljihunan."

"Na ji."

"Har na cikin."

"Malam, na ce na ji."

Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ga ƙarar babur ɗin Yaya daga kan kwana. Ya miƙe, ya gaishe shi da hannu biyu. Yaya ya ba shi yatsu uku ya wuce ciki.

Washegari na taso daga aiki da leda biyu cike. Uwar ɗakina, mai kantin, wadda ta yi karatun haɗa magani na gaske, ita ta taya ni zaɓe. Na cire mayafi, na ɗaure kaina da ɗankwali, na shimfiɗa tsohon zanin gado a tsakiyar falo, na kashe fanka don kada ta watsa min auduga. Umma tana kan doguwar kujera tana yanke farce.

Ban san tsoro zai kama ni ba sai da na fara jerawa. A kanti, bandeji bandeji ne kawai. A falonmu kuwa, duk abin da na ɗauka sai na ga jikinsa. Na ɗauki bandeji mai naɗi, na ga ƙafarsa ta gurɗe tsakanin duwatsu. Na ɗauki filasta da man shafawa, na ga bororo ya fashe masa a dunduniya, ga sauran tafiya. Aidin da auduga, na ga jini. Hantsaki, na ga ƙaya ta karye a cikin nama. Garin gishiri da sukari na masu zawo, na gan shi kwance ya bushe, babu mai ƙara masa ruwa. Ga ƙwayoyin tsarkake ruwan sha, ga maganin zazzaɓin sauro, ga na borin jini saboda harbin zuma, ga safar hannu, ga almakashi, ga ma'aunin zafin jiki da na naɗe a cikin tawul.

"Na maciji fa?" in ji Umma, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ba a ɗaukarsa, Umma. Sai a firij, kuma sai a asibiti ake yin allurar."

"To in ya sare shi?"

"Su ɗaure ƙafar da sanda kada ta motsa, su ɗauko shi."

"Su ɗauko shi zuwa ina?"

Na ɗauki almakashin na ajiye shi kusa da auduga.

"Kin gani. Wannan kike so ki aura. Kullum kina ɗaure jaka kina jiran gawa."

Na ci gaba da aikina yadda aka koya min. Kwalayen na cire don nauyi, amma kowace ƙwaya na bar ta a ledarta mai suna. Na yanko farar filasta na liƙa wa kowanne, na rubuta da manyan baƙaƙe abin da yake yi da yadda ake sha. Na raba su gida-gida a leda mai zif: na ciwo daban, na ciki daban, na zazzaɓi daban.

Sai na juya jar jakar don in kakkaɓe ta. Tsohuwar filasta ta faɗo, da usur, da guntun kyandir. Na tura hannu a aljihun ciki, na ji abu mai tauri a cikin safa. Gwangwanin minti ne, fentinsa ya goge. Da na girgiza, ya yi ƙara. Da na buɗe, cike yake da ƙananan fararen ƙwayoyi, babu leda, babu takarda, babu suna. Kuma ba tarkacen bara ba ne. Sababbi ne fes, ko gari ba su yi ba.

"Mene ne wannan?"

Muryar Yaya ce a kaina. Ban ji shigowarsa ba. Kafin in rufe, ya fizge gwangwanin, ɗaya ta faɗo ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Na ciwon kai ne?" ya tambaye ni. "Ke ce 'yar kemis. Faɗa mana."

"Ban san shi ba."

"Ba ki san shi ba. Mai ciwon kai yana ɓoye magani a safa?" Ya juya wajen Umma. "Ƙwaya ce. Na faɗa muku tun farko. Wa zai yi wata guda yana hawa dutse da hankalinsa? Su sha su yi ta tafiya ba sa jin gajiya. Can babu ɗan sanda, babu surukai."

Umma ta ajiye abin yankan farcen. Ta yi salati a hankali, ta dafe ƙirji.

"Bari in kira shi in tambaye shi," na ce.

"Ki kira shi ya shirya miki ƙarya?" in ji Umma. "Ba za ki ce masa komai ba. Babanku zai dawo daga tafiya, a nuna masa, shi ya san abin yi. Kin ji ni ko?"

Yaya ya zura gwangwanin a aljihun wandonsa, ya daddaɓa shi.

Ku saurare ni, 'yan mata, don ba zan sassauta wa kaina ba. Ba tsoron Umma ne kaɗai ya rufe min baki ba. Na yarda da maganar Yaya. Mutumin da ban taɓa kamawa da ƙarya ba, wanda ko sigari ban taɓa jin warinta a jikinsa ba, cikin minti ɗaya na sayar da shi saboda gwangwani. Na ga samari suna zuwa kantinmu ido jajur suna raɗa sunan abin da suke so, uwar ɗakina tana korarsu. Sai na ɗauki fuskarsu na manna masa.

Da na shiga ɗaki na tura masa saƙo.

"Akwai abin da kake son faɗa min kafin ka tafi?"

Na ga alamar yana rubutu. Ta tsaya. Ta dawo. Ta sake tsayawa. Can sai ga shi:

"Kin duba aljihun ciki?"

"Na duba."

"Na kasa faɗa miki da bakina. In na dawo za mu zauna."

Na kifa wayar a kan filo. A wajena ya amsa laifinsa ke nan. Ban tambaye shi ko mene ne ba. Kalma uku ce, "Maganin mene ne?", amma girman kai ya hana ni rubuta ta.

Na koma falo na ƙarasa. Saboda ruwan sama da hayin kogi, na sa komai a babbar leda, na matse iskar, na naɗe da salatif, na ƙara wata ledar, na sake naɗewa, har ya zama kamar bulo. Ina share wurin na tsinci ƙwayar da ta gangara ƙarƙashin kujera. Na ƙulle ta a gefen hankici na jefa a jakata.

Da safe ya zo karɓa. Yana sanye da wando mai aljihu da yawa da wata hula mai faɗi da ta sa ya yi kama da mai kamun kifi. Motar abokansa tana jira a bakin layi. Yaya yana tsugune a ƙofar gida yana wanke babur, yana wanke waje ɗaya tun ɗazu.

Malam ya ɗaga jakar ya jinjina. "Kin ƙara min nauyi, Likita."

"Ka buɗe ka duba."

Allah ya sani, da biyu na faɗa. Na so ya buɗe, ya ga babu, ya tambaya, a yi ta ta ƙare.

"Ɗaurin Likita? Ba mai kwance shi sai an ji ciwo." Ya dube ni, idonsa ya yi wani laushi. "Na yi zaton ba za ki fito ba yau."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

Na kalli Yaya. Yaya ya matse soso. Na ce, "Shi ke nan."

Ya tafi. Sau biyu yana waiwayowa.

Ranar nan ban nuna wa kowa ƙwayar ba. Ina jin ta a jakata kamar garwashi, amma ina tsoron a tabbatar min. Sai washegari da rana, da kanti ya yi shiru, na kwance hankicin a kan kanta.

"Anti, don Allah wannan fa? Wata ce ta tsinta a kayan ɗanta."

Ƙarya na yi mata, ku ƙirga min ita cikin laifukana.

Uwar ɗakina ta sa tabarau, ta juya ƙwayar da bakin biro, ta karanta 'yan baƙaƙen da aka buga a jikinta. Ta ɗauki makulli ta buɗe durowar da ba ni da izinin taɓawa, ta ciro wani kwali, ta ɓallo ɗaya ta ajiye kusa da tawa. Kamar tagwaye.

"Maganin farfaɗiya ne. Ki ce wa matar ta mayar masa yanzu-yanzu."

Na riƙe bakin kanta.

"In... in bai sha ba fa, Anti?"

"Wanda yake kan wannan ba ya tsallake rana. In yana sha, sai ya yi shekaru lafiya lau, ba wanda zai sani. In aka yanke masa lokaci guda, faɗuwar da za ta zo ta fi ta da muni, kuma tana iya zuwa a jere, wata kan wata, ba ya farfaɗowa a tsakani. A gado ma haɗari ne, balle a kan titi ko kusa da ruwa." Ta cire tabarau. "Ke, lafiya? Ɗan wa ye?"

Na faɗa mata. Duka.

Ba ta rarrashe ni ba, kuma na gode mata. Ta ce, "Me na koya miki tun ranar da kika zo? Ƙwayar da ba ta da suna ba a ba wa mutum ita, gaskiya ne. Amma ba a kuma raba mutum da ita. Tambaya ake yi. Kin riƙe rabin karatu kin bar rabi." Ta tura min kwalin gaba ɗaya. "Ɗauki. Cire rigar nan ki tafi."

Na kira shi a bakin titi. A kashe. Na sake kira. A kashe. Na kira abokinsa da ke jagorantar tafiyar, shi ma haka. Na tare mai babur na nufi gidansu.

Mahaifiyarsa tela ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, Malam ne kaɗai ɗanta. Na same ta a kan keke, da tef a wuya, zare a baki. Da ta ga fuskata ta cire ƙafa daga kan feda.

"'Yata, me ya faru?"

Na durƙusa a kan ƙyallayen da ke ƙasa na gaya mata. Ina jiran ta mare ni. Sai kawai ta cire zaren daga bakinta ta naɗe shi a yatsa, ta warware, ta sake naɗewa.

"Tun yana yaro ne, bayan wani zazzaɓi mai zafi. Rabonsa da faɗuwa tun kafin ya fara koyarwa. Abokan tafiyar ma ba su sani ba, ya ce in sun sani ba za su ƙara zuwa da shi ba." Ta ajiye zaren. "Na ce masa ya faɗa miki. Ya ce ya gwada, harshensa ya ƙi. Sai ya ce zai bar miki shi a jaka, ke ma'aikaciyar magani ce, kina gani za ki gane, in kin ga za ki iya zama da shi shi ke nan."

"Mama, ya ɓare su daga ledar. Ba suna. Ko Anti sai da ta gwada da wani."

"Haka yake yi. Wai nauyi. Ni kuwa na san ba nauyi ba ne kawai, ba ya son a karanta."

"Yanzu ba shi da ko ɗaya?"

"Yana sa na hanya a aljihun riga, na kwana ɗaya ko biyu, don kada ya riƙa buɗe kaya a gaban mutane. In sun ƙare zai nemi gwangwanin."

Ta ce akwai ƙauye na ƙarshe inda suke barin mota, da masu gadin daji a bakin hanya, da masu jakuna da suke kai wa matafiya kaya zangon farko. In an isa da wuri, ana iya cim musu kafin su yi nisa. Amma motar haya ba ta zuwa can sai ranar kasuwa, kuma ita ba ta da kowa mai mota.

Sai ta kama hannuna. "Ba sai gidanku sun san ko mene ne ba. Na san abin da mutane suke cewa a kan ciwon nan. Ki bar su a kan abin da suke zato, mu nemi wata hanya."

Kun ji uwa. Ta gwammace a kira ɗanta ɗan ƙwaya da a kira shi mai farfaɗiya, don ta san wanne ne mutane suka fi gudu. Wannan abin kunyarmu ne gaba ɗaya, har da ku masu karatu. Mutum ya lalata kansa da gangan a ce Allah ya shirye shi, wanda kuma ciwo ya sama ba da laifinsa ba a tsallake inda ya zauna.

A hanyar gida na auna. In na yi shiru, wata rana yana iya wanke kansa daga zargin ƙwaya, aure ya yiwu. In na faɗa, na san Umma. Amma mota ɗaya na sani a duniya da za ta iya tashi yau, kuma tana ƙofar gidanmu, don Baba ya dawo.

Na same su a falo. Baba ko takalmi bai gama cirewa ba, kofin shayi a gefensa, gwangwanin a kan tebur a buɗe. Yaya yana tsaye yana bayani da hannu.

"Yauwa, ga ta nan. Ta faɗa da bakinta ba ta san shi ba."

"Yanzu na sani," na ce. Na ajiye kwalin kusa da gwangwanin. "Ba ƙwayar maye ba ce, Baba. Maganin farfaɗiya ne. Yana sha kullum tun yana yaro. Na aljihunsa sun kusa ƙarewa, sauran ga su nan a teburinmu, shi kuma yana kan dutse. In ba a kai masa ba, zai iya mutuwa a can."

Umma ce ta fara motsi. Ta janye ƙafarta daga kusa da teburin.

"Farfaɗiya? A kofinmu ya sha ruwa. Sau nawa yana shan ruwa a gidan nan."

"Ba a ɗauka, Umma. Ba a yawu, ba a kofi, ba a komai."

"Ke za ki gaya min? To Allah ya rufa mana asiri da aka gano tun yanzu. Magana ta ƙare."

"Ai ka ga," in ji Yaya, amma muryarsa ta sauka. "Ko ma mene ne, ya ɓoye mana. Maƙaryaci ne."

Baba ya ɗauki kwalin ya nisanta shi da idonsa yana karantawa. Ya daɗe. Sannan ya dubi Yaya.

"Wa ya cire shi daga jakar?"

"Baba, ni don in kare ta..."

"Ban tambaye ka dalili ba."

"Ni ne."

Ya dube ni. "Ke kuma kina gani, kika ɗaure jaka kika miƙa masa."

"E, Baba."

"Maganar aure ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya ɓoye abin da bai kamata ya ɓoye ba, zan tambaye shi da kaina. Amma sai yana da rai zan tambaye shi." Ya laluba aljihu ya ciro makullin mota ya ajiye a gaban Yaya. "Hannun da ya cire shi zai mayar. Akwai mai a ciki."

"Zan bi shi," na ce.

Umma ta miƙe. "Ki bi shi ina? Budurwa, daji, wajen saurayi? Kafin ku kai kwana duk layin nan sun ji, kuma sai sun ji dalili. Wa zai ƙara kallonki?"

"Yaya bai san yadda ake sha ba. In mun same shi a ƙasa, bai san a kwantar da shi ta gefe ba, cokali zai tura masa a baki ya karya masa haƙora. Ni na ɗaure jakar, Umma."

Baba ya kurɓi shayinsa da ya huce. "Da wanta za ta tafi. Ku bar ɓata lokaci."

Na shiga ɗaki na sa doguwar riga mai kauri da takalmin da nake tsayuwar kanti da shi. Na haɗa kwalin da gwangwanin a leda, na liƙa farar filasta, na rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe, kowa ya karanta. Da na fito Umma tana tsakar gida ta juya min baya. Ban yi zaton za ta yi magana ba. Ina kai wa ƙofa sai na ji abu ya faɗo min a kafaɗa. Rigar sanyinta ce.

"An ce can akwai sanyi," ta ce da bango. "Kuma ban yafe maganar ba."

Mun kwana a hanya a gidan wata ƙanwar Baba, muka tashi da sassafe. Kwalta ta ƙare, gidaje sun ƙare, duwatsun da nake gani a hotunan Malam sun fara tasowa a gabanmu, baƙaƙe, kawunansu cikin gajimare. Duk ramin da muka faɗa sai gwangwanin ya yi ƙara a cinyata.

Ɗazu, da muka hau wani tudu, wayata ta yi motsi. Saƙonsa ne. Jiya da yamma ya tura shi, wataƙila daga wani tsauni da sabis ya leƙa, sai yanzu ya iso.

"Likita, ɗayanmu ya yanke a ƙafa, na kwance ɗaurinki. Komai yana nan da sunansa, da rubutunki. Abokaina suna ta sa miki albarka. Gwangwanin ne kawai babu. Na gane amsarki, kuma ban ga laifinki ba. Na sha ta ƙarshe da safe. Ba zan iya ce musu mu koma ba, sai na faɗi dalili. Gobe za mu haye kogin."

Na karanta wa Yaya da ƙarfi. Bai juyo ba. Na ga ya gyara riƙon sitiyari, motar ta zabura har kaina ya bugi gilashi.

Na rubuta masa: "Ba amsata ba ce. Kada ka shiga ruwan. Ka faɗa musu. Ina hanya."

Saƙon yana nan da ɗan agogo a gefensa, bai tafi ba. Na ɗaga wayar ta taga, na ɗaga ta sama har hannuna ya gaji, bai tafi ba.

Goben da yake faɗa, yau ce. Rana kuma ta riga ta ɗaga.